Gurbin Ƙarshe da Warsito Ya Bari

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ara mana numfashin da muka hawo tudun nan da shi yau. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Pak Camat, shugaban gundumarmu. Pak Kiai, limaminmu, wanda ya ja mana addu'a ɗazu. Pak Lurah, mai garinmu. Pak Suhendro, shugaban wannan makaranta, da malamai maza da mata. Bu Rukmini, matar marigayi Warsito, da 'yarku Kinanti, da dangin da suka sauko daga ƙauyukan kan dutse cikin wannan ruwa. Iyayen yara, da ku ɗalibai da ke tsaye a baya saboda kujeru sun ƙare. Ina gaishe ku duka.

Ku yi mini afuwa, a zaune zan yi magana, gwiwoyina sun daina ɗaukata. Muryata ma ta yi rauni, ga ruwa yana dukan kwano. Wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

Ni ne Kasmuri. Manyanku sun san ni da alli a hannu, yaranku kuwa sun san ni a matsayin tsohon da Pak Warsito ke goyawa a babur ranar Juma'a. Na haura tamanin. Matata ta riga ni, ɗana yana aiki can ƙetaren teku, abokan karatuna duk suna maƙabarta. A tsarin da na yi wa kaina, Warsito ne zai tsaya a kan kabarina ya ce wani abu. Yau kwanansa arba'in a ƙasa, ni kuma ga ni da takarda a hannuna.

Na fara ganinsa yana ɗan shekara goma sha biyar, a ajin da nake koyar da lissafi. Watan takwas ne, na yankan taba. Kun san yadda gidajen kan dutse suke a lokacin: babba da yaro kowa yana jera ganye, yana yanka, yana shanya, yana kallon sama kada hadari ya taso. Yaron yakan shigo aji da yatsu baƙi ƙirin da danƙon ganye, ya ɗora kai a tebur, shi ke nan. Wata rana na buga teburin na ce masa, “Le, yarona, gadon gidanku gobara ya yi ne?”

Ya ɗago da jan ido ya ce, “Pak Guru, malamina, a gidanmu taba ce ke kwana a gado. Mu a ƙasa muke, in ta bar mana wuri.”

Ajin ya fashe da dariya, ni ma na juya ga allo don kada su ga bakina. A zangon nan huɗu ya ci cikin goma. Da aka sayar da taba, ruwa ya sauka, sai yaro ya farka. Ya ci shida, ya ci bakwai. Kafin ya bar hannuna yana gyara mini kuskure a allo, kuma ba ya ko tausasa murya.

Ya kasance mutumin da bai taɓa manta wannan huɗun ba. Da ya dawo garin nan da takardar malanta, aka ba shi aikin jagorantar ɗalibai wajen zaɓen abin da za su karanta a gaba, abin da yake fara tambayar yaro shi ne, “Me ake yi a gidanku a watan takwas?”

Ku bar ni in yi wa tsofaffi irina bayani kaɗan, don matasa sun fi ni sani. A zamaninmu a allon dutse muka koyi rubutu. Ka yi kuskure da safe, ka tofa yawu ka goge da gefen riga, da rana babu wanda ya san ka taɓa yin sa. Ranar jarrabawa ce kaɗai ke yi maka shaida. Yanzu ba haka ba ne. Akwai ƙofar shiga jami'a da ba a zama jarrabawa, sakamakon zango biyar ake dubawa, tun daga ranar da yaro ya sa ƙafa a babbar sakandare. Makaranta kuma ba kowa take iya turawa ta wannan ƙofa ba, adadi aka yanka mata. Sai ta jera yaranta, ta ja layi, na sama su tafi, na ƙasa su jira jarrabawar rubutu tare da dubban yaran birni da suka shekara suna darasin yamma. Ma'ana, barcin da yaro ya yi a tebur yana ɗan sha biyar yana biye da shi har ya kai sha takwas. Wannan abu ya daɗe yana hana Warsito sukuni.

Ya kasance mai cewa lamba ɗaya ba ta ba da labari, sai an jera su. Yakan ce yaran da suka tashi da maki iri ɗaya in an haɗa an raba, ba lallai hanya ɗaya suka biyo ba. Wani daga sama ya gangaro, wani daga rami ya hauro. Yakan ce wanda ya hauro ya riga ya koyi abin da jami'a za ta nema a wurinsa ranar da karatu ya yi tsauri, wato ya ga jan biro a takardarsa bai gudu ba. Ya yi imani masu zaɓe a can suna lura da wannan hawan. Ko suna lura, ko ba sa lura, ni ban taɓa shiga ɗakinsu ba. Amma na ga yaran da ya tura, na ga sun gama.

Ya kasance kuma ba ya son hawan ƙarya. Wasunku suna wurin shekarar da wani sabon malami, da kyakkyawar niyya, ya kawo dabarar da ya jiyo a wani gari. Ya ce tunda ana son a ga maki yana hawa, me zai hana a matse wa kowa maki a zangon farko, a riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan, kowane yaro ya fito kamar matakala. Warsito ya ajiye kofin shayinsa ya ce, “Mas, ɗan'uwa, in kana so ka nuna ɗanka ya yi tsawo, rami kake haƙawa ka tsayar da shi a ciki ka fara awo?” Aka yi dariya, maganar ta mutu a nan. Da aka tashi shi ne ya goya malamin a babur ya kai shi gida, don kada ya kwana da kunya.

Abin da ya yi yaƙi a kansa ƙa'ida ce guda, 'yar ƙarama. Shekara da shekaru yana kawo ta zaman malamai. Ya ce idan aka zo kan layin, aka sami yara biyu makinsu ya yi kunnen doki, a ba wanda ya hauro daga ƙasa. An yi masa gardama, kuma gardamar tana da ƙafa. Marigayiya Bu Sulasmi, malamar kimiyya, ta ce masa, “To yaron da ya fara da kyau ya ƙare da kyau fa? Laifinsa ke nan da bai taɓa faɗuwa ba? Wanda ke kan rufi ina zai hau?”

Ya ce, “Gaskiyarki, Bu. Shi ya sa ban ce a ƙwace wa kowa ba. Na ce sai in sun yi daidai. Na kan rufi in ya je jarrabawar rubutu yana da ƙafar tsayawa. Na ramin, wannan ce igiyarsa.”

Ta ce, “Ranar da ta faɗo kan wanda kake so, zan ga bakinka.”

Ya ce, “Ki tanadi kujera a gaba.”

Aka amince da ƙa'idar. Ta yi aiki sau da dama, ba a ji kanta ba, don yaran da ta tsallake ba 'ya'yan kowa ba ne a cikinmu.

Ya kasance mai zuwa ƙofata kowace Juma'a, ko ana ruwa ko ana rana. Ya ɗora ni a babur ya ce, “Mbah, kakana, riƙe ni da kyau, in ka faɗi ba ni da kuɗin sayen wani tsoho.” In an sauko daga masallaci mu tsaya rumfar soto, farfesun nan namu, da ke bakin kasuwa, ya sa a zuba mini romo da yawa don haƙorana. Shi ke ba ni labarin duniya. Ta bakinsa na san sunan kowane yaro a ajin ƙarshe, har waɗanda ban taɓa gani ba.

Ta bakinsa na san Danang. Ɗan kan dutse ne, uwarsa ta rasu yana shiga makarantar nan, shi da ubansa suka yi yankan taba na shekarar su biyu. Sakamakonsa na zangon farko, in ji Warsito, ko a bango ba za ka so ka rataye shi ba. Na biyu ya ɗan ɗaga. Daga nan bai sake komawa baya ba, har a zango na biyar babu wanda ya fi shi a ilimin halittu. Aikin gona yake so ya karanta. Warsito ya hau dutsen nan ya sami uban, uban ya ce masa, “Pak Guru, ganye ba ya jiran digiri. In makaranta ta tura sunansa, na sallama, ya je ya gwada. In ba ta tura ba, ba ni da wata ukun da zan ba shi ya zauna yana haddar littafi ana shuka.” A kan haka suka rabu.

Yanzu na iso inda nake tsoro. 

Juma'ar ƙarshe da muka yi, bayan an raba sakamakon zango na biyar, na lura bai taɓa kwanonsa ba. Na ce, “Le, ko soton ya yi maka laifi?”

Ya ce, “Mbah, Bu Sulasmi ta sami abin da take jira, sai dai ba ta nan ta gani.”

Ban gane ba. Ya ce ya haɗa makin ajin, gurbin ƙarshe ya tsaya tsakanin yara biyu, daidai wa daida. Ɗaya Danang. Ɗaya Kinanti.

Kun san Kinanti. Yarinya ce da ba ta taɓa ba malami ciwon kai ba. Yadda ta fara haka ta ƙare, da kyau, ba hawa ba sauka. Ita ce ta kan rufin da Bu Sulasmi ta yi magana.

Na ce masa, “To yaya za ka yi?”

Ya ce, “Me zan yi kuwa? Ni na dafa, ni zan fara ci.” Sannan ya ce, “Kinan za ta iya jarrabawar. Zan zauna da ita kullum har watan huɗu. Uwarta ce nake tunani. Bari hutu ya wuce, in sami ranar da ta tashi da fara'a.”

Bai sami ranar ba. Cikin hutun ya faɗi a tsakar gida yana gyaran kejin tsuntsunsa, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Jama'a, mu mutane ne masu kara. Ba ma iya kallon idon mai takaba mu ce mata a'a. Wannan hali ne mai kyau, shi ya riƙe garin nan. Amma tun sati na biyu da rasuwar na fara jin magana tana yawo, daga ɗakin malamai zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa barandata: wai bana a jingine ƙa'idar, a raba gardamar da yawan zuwa makaranta ko ladabi, abin da kowa ya san inda zai faɗa. Wai ai marainiya ce, ai 'yar Pak Warsito ce, ai wannan ne ɗan abin da za mu iya yi masa. Babu mugu ko ɗaya a cikin masu faɗin haka. Ƙauna ce ta sa su. Jibi Litinin malamai za su zauna su rufe jerin.

Na sa aka kai ni ofishin Pak Suhendro. Ya tarbe ni da girmamawa, ya ba ni kujerarsa, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, “To, Mbah. To. Za mu duba.” A garin nan na tsufa, na san irin wannan “to” ɗin. Ban ga laifinsa ba. Da ni ne a kujerar, da Bu Rukmini tana wucewa ta gaban ofishina da farin mayafi, ban san wace “to” zan ce ba.

Na je gidanki, Bu Rukmini, ba sau ɗaya ba. Kin tuna. Kika kawo mini shayi da soyayyar ayaba, na sha, na ci, na yi maganar ruwan sama, na tashi. Kina raka ni ƙofa kina cewa, “Mbah, kamar akwai magana a bakinka.” Na ce ciwon haƙori ne. Ni da haƙoran nawa ba su fi a ƙirga a hannu ɗaya ba.

Da na bar abin ya wuce. Na ce wa kaina, tsoho, wa ya aike ka? Sai jiya da la'asar Kinanti ta zo gidana ita kaɗai. Ta zauna a bakin baranda tana cire wa takalminta laka da tsinke. Can ta ce, “Mbah, Bapak, babana, ya faɗa maka, ko?”

Na ce, “Me zai faɗa mini, Nduk, 'yata?”

Ta ce, “Mbah, ni ma na iya haɗawa da rabawa. Ai 'yarsa ce ni.”

Na ce ya faɗa mini.

Ta ce, “In na shiga ta wannan ƙofar, duk wanda ya gan ni da rigar jami'a zai ce ga wadda ubanta ya mutu mata a kan gaɓa.” Ta share hanci. “Kuma ina tsoron jarrabawar. Tunda ya tafi, shafi ɗaya nake maimaitawa, in na kai ƙasa na manta sama. In na faɗi fa? Ibu, mahaifiyata, ta rasa shi, ta kuma rasa wannan?”

Na ce, “To me kike so?”

Ta ce, “Ban sani ba, Mbah. Kowa yana raɗa, in na shigo a yi shiru. Ni dai ina so wani ya faɗe shi da ƙarfi. Ba zan iya gaya wa Ibu ba. Kai ka tsufa, ba za a dake ka ba.”

Shi ya sa na faɗa. Na san a al'adarmu ba a kawo irin wannan magana gaban Pak Camat da Pak Kiai, ranar addu'a, ga yara suna ji. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma bayan yau ba ni da wata ranar.

Bu Rukmini, da ke nake. Ban zo in ce ki yafe haƙƙin 'yarki ba. Ban ma tabbata Warsito ya yi daidai ba. Shi da ya ce za ta iya, ya faɗa ne yana tsammanin zai zauna kusa da ita har watan huɗu, yanzu kuwa kujerar babu kowa. Wataƙila da ya san abin da ke tafe da ya faɗi wani abu dabam. Ban sani ba, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Abin da ya faɗa mini kawai na isar. Amma ki sani malaman nan ba za su iya yanke hukunci da idonsu a buɗe ba matuƙar suna jin nauyinki. Ke kaɗai ce za ki iya sauke musu shi. Kalma ɗaya ce, ki ce wa Pak Suhendro, ku yi yadda kuka saba. Ko kuma kada ki ce, babu wanda zai zarge ki, ni ne na farkon wanda ba zai yi ba.

Kuma in maganar nan ta ɓata miki rai da ni, kin yi daidai. Gidanku ne kaɗai ya rage yana buga ƙofata. Na auna wannan daren jiya, na san abin da nake sawa a kan faifai. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma na fi tsoron in haɗu da shi can, kuma ba da jimawa ba ne, ya tambaye ni, Mbah, da aka zo kan yaron kana ina?

Pak Suhendro, da ku malamai. Ban ce ku ba Danang ba, ban ce ku ba Kinanti ba. Ku sake haɗa makin, wataƙila Warsito ya yi kuskure a lissafi, ko da yake ni na koya masa. In sun bambanta ko da ƙwayar shinkafa ce, ku bi lamba. In sun yi daidai, kuna da ƙa'ida. In kun ga ƙa'idar ba ta da kyau, ku soke ta a fili, ga kowa, har abada, ku faɗi dalili. Abin da nake roƙo kada ku jingine ta shekara ɗaya tak saboda an yi mutuwa. Mutuwa ba maki ba ce. In kuka sa ta a ma'auni, yaron da ke kan dutse shi ma yana da kabarin da zai kawo muku, ya riga ya ɗauke shi shekara uku bai nemi a ƙara masa komai ba.

Danang, in kana cikin na baya, kada ka sunkuyar da kai. Ba ka roƙi kowa ba, ba ka ƙwaci na kowa ba. Kinanti, Nduk, na faɗa da iyakar ƙarfin da ya rage mini. Duk ƙofar da kika bi, ba ke kaɗai za ki bi ta ba. Malaman da suke so su yi wa ubanki wani abu, ga abin yi nan: yammacinsu, daga yanzu zuwa watan huɗu. Wannan ya fi wuya a kan canja suna a jeri, shi ya sa ya fi kama da shi.

Na gode wa masu girma da suka jure zaman nan. Na gode wa matan unguwa da suka dafa abincin sadaka tun asuba, da ɗaliban da suka share zauren. Na gode wa iyalin da suka zaɓe ni in yi magana ba tare da sun tambaye ni me zan ce ba. Inda na wuce gona da iri, ku ɗora wa tsufa.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanka Warsito, Ka yalwata masa kabari, Ka duba shi da inda ya ƙare, Ka yafe masa inda ya fara, mu ma haka muke fata a wurinka. Ka sanyaya zuciyar Bu Rukmini, Ka ba ta ikon abin da ya fi alheri ko da ya yi ɗaci. Ka buɗe wa yaran nan biyu, wanda aka tura da wanda aka bari, kada Ka sa ɗayansu ya tsufa yana kallon ɗaya da ciwo. Malaman da za su zauna ranar Litinin, Ka tsayar musu da hannu. Ni kuma Ka ba ni kwana in ji abin da suka yanke, Ka ba ni ƙarfin ɗaukarsa.

Mu karanta masa Fatiha.